Babi na Shida: Santimita Nawa ne a Cikin Sakan Ɗaya?

Wanda bai saba kallon tseren mita 400 ba, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne yadda ake jera 'yan tseren. Ba a tsayar da su kafaɗa da kafaɗa kamar a tseren mita 100. Na layin farko yana can baya, na biyu ya ɗan gota shi, na uku ya gota na biyu, haka har zuwa na layi na takwas, wanda za ka hango ya yi nisa cikin kwana shi kaɗai tun ba a harba bindiga ba. A gidan kallo ba a rasa mai cewa an yi son kai. Alhali da za a jera su daidai wa daida, a nan ne za a tafka zalunci, kuma lissafin da zai tabbatar da haka bai wuce na ɗan firamare ba.

Filin tsere na ƙa'ida miƙaƙƙun hanyoyi biyu ne, kowace mita 84.39, sai kwana biyu, kowace rabin da'ira. In ka haɗa kwanonin ka sami da'ira guda cikakkiya. Kewayen da'ira kuwa an koya mana shi: ka ɗauki nisan tsakiya zuwa baki, ka ninka biyu, sannan ka ninka da lambar nan 3.1416. Daga tsakiyar kwana zuwa dakalin da ya kewaye filin ta ciki mita 36.5 ne. Amma ba mai gudu da ƙafarsa manne da dakali, saboda haka ake ƙara santimita 30, a auna daga nan. Ya zama 36.8. Ninka biyu, 73.6. Ninka da 3.1416, ka sami mita 231.22. Ɗora masa miƙaƙƙun hanyoyin nan biyu, wato 168.78, sai ga mita 400 cif. Wanda ya yi aiki da 22 bisa 7 da muka haddace a makaranta zai sami 231.31, wato ya zarce da santimita 9. A jarrabawa malam zai ba shi makinsa. A filin Olamfik kuwa, nan gaba kaɗan za mu ga zinaren da aka raba gardamarsa a kan abin da bai kai haka ba.

To, faɗin kowane layi mita 1.22 ne. Duk layin da ka matsa waje, da'irarka ta ƙara faɗi, kewayenta ya ƙaru da 1.22 sau biyu sau 3.1416, wato kusan mita 7.67. Tsakanin layin farko da na biyu ne kawai tazarar ta ɗan ragu zuwa 7.04, domin a sauran layukan babu dakalin da ake tsoron takawa, fenti ne kawai, don haka daga santimita 20 ake auna su maimakon 30. Tara su duka har layi na takwas, za ka ga da an tashi daga wuri guda, na waje zai yi mita 453 ne yayin da na ciki ke yin 400. Mita 53 ke nan na banza, kusan sakan shida ga gwanin gudu, a tseren da sau da yawa ake raba na ɗaya da na biyu da tsawon taku guda.

Wani abin sha'awa a nan shi ne girman filin bai shiga cikin lissafin tazarar ba sam. Ko da'irar ƙarama ce ko ta kewaye gari guda, matsawa waje da mita 1.22 abin da zai ƙara wa kewaye shi ne 7.67 ɗin nan, ba ƙari ba ragi.

Sai dai alƙaluma sun daidaita nisa ne kawai, ba su daidaita zuciya ba. Na layi na takwas ba ya ganin kowa a gabansa, bai san ko ana tafe ana cim masa ba, shi ya sa 'yan tsere suka fi son layukan tsakiya, kuma a can ake ajiye waɗanda suka fi ƙoƙari a zagayen baya. A wannan layi na takwas da ake gudu ne Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu ya tsaya a Olamfik ta Rio a 2016, ya gama cikin sakan 43.03, ya rushe tarihin 43.18 da Michael Johnson ya kafa tun 1999. Lissafi yana da abin cewa a nan ma: kwanar waje ba ta da tsanani kamar ta ciki, jiki ba ya karkata sosai.

Mu koma tseren mita 100, inda babu kwana, sai gudu zalla. Ranar 16 ga Agusta 2009 a Berlin, Usain Bolt na Jamaika ya yi shi cikin sakan 9.58. Raba 100 da 9.58, ka sami mita 10.44 a kowane sakan. Ninka da 3.6 don ka mayar da shi ma'aunin da direba ya sani, ya zama kilomita 37.6 a awa. Wannan matsakaici ne, har da lokacin da yake tsugune bai motsa ba da lokacin da yake neman ɗaukar wuta. Tsakanin mita 60 da 80 ya cinye mita 20 cikin sakan 1.61, wato fiye da kilomita 44 a awa. Taku 41 ya yi daga farko zuwa ƙarshe, kowane taku kusan mita 2.44 in aka raba daidai. Mutum ya auna wannan a tsakar gida da igiya ya ga abin da ake magana.

Amfanin sanin gudun mutum a sakan shi ne yana mayar maka da lokaci ya zama nisa, abin da ido zai iya gani. In an ce wane ya riga wane da 0.13, yawancinmu ba mu san me aka faɗa ba. Amma Tyson Gay, wanda ya zo na biyu a Berlin da 9.71, yana tafe da kusan mita 11 da rabi a sakan lokacin da suka doshi layi. Ninka da 0.13, ka ga Bolt ya ba shi ratar kusan mita ɗaya da rabi. A wannan tsere, rata ce mai yawa ƙwarai.

Yanzu ɗauki wannan awo ka je da shi Paris, daren 4 ga Agusta 2024. Mutum takwas suka tashi, dukansu suka gama ƙasa da sakan 10. Na ɗaya 9.79, na takwas 9.91, ke nan duka takwas ɗin suna cikin tazarar da ba ta kai mita ɗaya da rabi ba. Noah Lyles na Amurka da Kishane Thompson na Jamaika kuwa lokaci guda allo ya ba su, suka tsaya cirko-cirko suna kallon sama, filin wasa ya yi tsit. Da aka duba hoton na'urar da ke bakin layi, mai ɗaukar hoto 40,000 a sakan, sai aka ga Lyles 9.784, Thompson 9.789. Bambancin 0.005. Ninka da mita 11 da ɗoriya, ka sami abin da bai kai santimita 6 ba. Kuma ba ƙafa ake dubawa ba, ba kai ba, ba hannu ba. Ƙirji da gangar jiki ne ke taɓa layi a doka. Lyles ya turo ƙirji a kan kari, shi ke nan.

Mai lura zai ce: tsaya, 9.784 ai ya fi kusa da 9.78, me ya sa aka rubuta 9.79? A makaranta an ce in lambar ƙarshe ba ta kai 5 ba a yar da ita. Hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ba ta bin wannan. A wurinta duk ɓurɓushin da ya ragu, komai ƙanƙantarsa, sama ake tura lokacin. Wanda ya yi 9.781 za a rubuta masa 9.79. A tsalle da jifa kuwa ƙasa ake yi: wanda ya dira a mita 7 da santimita 12 da ɗan ƙari, 7.12 za a rubuta, ɗan ƙarin ya tafi. Ko ta ina ka juya, ɗan wasa ne ke biyan canji. Kamar mai awon hatsi ne mai tsoron Allah, wanda ke cika mudu har ya yi tozo don kada mai saye ya tafi da shakka. Wannan, a ganina, shi ne ginshiƙin duk lissafin wasannin nan, kuma shi ya sa in aka ce wance ta kafa tarihi za ka iya yarda ido rufe: abin da aka rubuta mata ba zai taɓa fin abin da ta yi ba.

Masu ninƙaya sun bi wata hanya daban, kuma suna da hujja. A Olamfik ta Munich a 1972, Gunnar Larsson na Suwidin da Tim McKee na Amurka sun taɓa bango a minti 4 da sakan 31.98, aka tono lamba ta uku aka ba Larsson zinare da bambancin 0.002. Bayan nan aka sauya doka. Mai ninƙaya yana yin kusan mita 2 a sakan, ke nan 0.002 milimita 4 ne, alhali ba maginin da zai rantse cewa layukan kududdufin siminti tsawonsu ɗaya har zuwa milimita. Saboda haka suka tsaya a lamba biyu bayan ɗigo, in an yi kunnen doki a raba. Shi ya sa a Rio mutum uku, har da Michael Phelps, suka karɓi azurfa tare a 51.14.

Babu labarin da ya fi nuna wannan tsantseni kamar na Tobi Amusan, 'yar Ijebu Ode, ranar 24 ga Yuli 2022 a Eugene ta jihar Oregon. Tserenta na mita 100 ne mai tsallake shinge, kuma shi kansa lissafi ne a shimfiɗe. Shinge 10 ne, amma tsakaninsu gurbi 9 ne, ba 10 ba. A nan ɗalibai da yawa ke faɗuwa. Daga tashi zuwa shingen farko mita 13, kowane gurbi mita 8.5, daga na ƙarshe zuwa layi 10.5. Tara sau 8.5 ya ba da 76.5, haɗa da 13 da 10.5, ɗari cif. A kowane gurbi taku uku ake yi sannan a tsallake, doguwa da gajera duk ɗaya. Ba wadda za ta ci wannan tsere da faɗin taku kamar Bolt, domin shinge ya riga ya yanka wa kowa iyakarta. Saurin sauke ƙafa da rashin ɓata lokaci a sama su ne kasuwar.

A zagayen kusa da na ƙarshe Amusan ta yi 12.12, ta karya tarihin 12.20 da Kendra Harrison ta Amurka ta riƙe tun 2016. Ba a yi awa biyu ba ta dawo zagayen ƙarshe ta yi 12.06, ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta ci zinare a gasar duniya ta guje-guje. Amma a littafin tarihi 12.12 aka rubuta. Wani zai iya zaton son kai aka yi mata. Ba haka ba ne. Akwai na'urar auna iska a gefen fili, kuma doka ta ce in iskar da ke tura ɗan tsere daga baya ta wuce mita 2 a sakan, nasara tana nan amma lokacin ba ya shiga tarihi. A tseren farko iskar 0.9 ce, a na biyu 2.5. Mita 2 a sakan kilomita 7.2 ne a awa, iskar da za ta kaɗa mayafi a kan igiyar shanya kawai, amma masana sun ƙiyasta tana rage wa mai tseren mita 100 kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan. Bambancin tseren Amusan biyu kuwa 0.06 ne. Ke nan babu mai iya rantsuwa cewa ƙafarta ce ta kawo ragin ba iska ba, kuma inda babu tabbas, ba a rubutawa. Ita ma iskar sama ake tura ta: in na'ura ta nuna 2.03, 2.1 za a rubuta, tarihi ya tashi.

Dokar ba ta san fuskar kowa ba. A Tokyo a 1991, Carl Lewis, wanda a lokacin babu sunan da ya kai nasa, ya yi dogon tsalle na mita 8.91, ya ɗara 8.90 da Bob Beamon ya kafa a birnin Meziko tun 1968. Iska ta nuna 2.9, aka ƙi karɓa. Jim kaɗan Mike Powell ya yi 8.95 da iskar 0.3, ya tafi da zinare da tarihi duka. Awon tsallen ma haka yake: daga bakin katakon tashi ake farawa ko da ka tashi tun kafin ka iso shi, a tsaya a tabon da ya fi kusa da baya, ko na tafin hannu ne. Da irin wannan awo Chioma Ajunwa ta yi 7.12 a Atlanta a 1996, ta ɗara Fiona May ta Italiya da santimita 10.

Gudun fanfalaki shi ne inda lissafin ya fi daɗin yi da baki. Tsawonsa kilomita 42 da mita 195, nisan da aka gada daga Olamfik ta Landan a 1908, aka tabbatar da shi a 1921. Mai son gama shi cikin awa biyu yana da sakan 7,200. Raba, ka ga dole ya cinye kowace kilomita cikin minti 2 da sakan 50 da ɗoriya. In wannan bai shiga kai ba, a ce kowace mita 100 cikin sakan 17, sau 422 a jere ba hutu. Matashi mai lafiya zai iya yin ta farko, wataƙila har ta uku. Eliud Kipchoge na Kenya ya yi duka a Vienna ranar 12 ga Oktoba 2019, cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40, amma ba a karɓa a matsayin tarihi ba, domin ba tsere ba ne da abokan hamayya: ayarin 'yan gudu ne ke karɓa-karɓa suna tare masa iska, mota na gaba tana haska masa inda zai taka. Kelvin Kiptum, shi ma ɗan Kenya, ya yi awa 2 da sakan 35 a tsere na gaskiya a Chicago a 2023. Sakan 35 ɗin nan, a irin gudunsa, mita 200 ne da 'yan kai, rabin zagayen fili. Watanni huɗu bayan haka ya rasu a hatsarin mota yana da shekara 24.

Titi ba fili ba ne, to ta yaya ake auna shi? Da keke. Ana ɗaura wa tayar gaba wata 'yar na'ura mai ƙirga juyi, a gwada ta a kan nisan da aka riga aka auna da tef na ƙarfe, sannan ma'auni ya hau ya bi hanya mafi gajarta da ɗan tsere zai iya bi, yana yanke kowace kwana. Da ya gama sai a ƙara mita 1 a kan kowace kilomita, wato mita 42, don ko an yi kuskure kada hanya ta gaza. Kusan sakan bakwai ke nan da ake ɗora wa gwanaye, ba wanda ya ce uffan. Haka kuma hanyar ba za ta gangara fiye da mita 1 a kowace kilomita ba, kuma wurin tashi da wurin gamawa ba za su yi nisa da juna da ya wuce rabin tsawon tseren ba, don kada iska ta yi ta tura mutum tun safe har ya isa. Waɗannan sharuɗɗa biyu ne suka hana Geoffrey Mutai tarihi a Boston a 2011, duk da 2:03:02 da ya yi ta fi 2:03:59 ta Haile Gebrselassie da kusan minti guda.

Duk wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Wuri ɗaya ne nake ganin an kai tsantsenin inda ya zama cuta, wato wurin tashi.

An fara da gyara mai kyau. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan. Daga layin farko zuwa na takwas mita 8 da rabi ne, ke nan in mai bindiga ya tsaya a gefe, na nesa zai ji ƙarar bayan na kusa da 0.025 na sakan, ninki biyar na abin da ya raba Lyles da Thompson. Saboda haka aka sa wa kowane ɗan tsere lasifika a bayansa, kowa ya ji lokaci guda. Aka kuma sa na'ura a jikin abin da suke tokare ƙafa, tana auna lokacin da ƙafa ta fara turawa. Bolt a Berlin ya motsa bayan 0.146. Doka ta ce wanda ya motsa kafin 0.100 ba ƙarar ya ji ba, caca ya yi, domin wai kunne da ƙwaƙwalwa da tsoka ba za su iya gama aikinsu cikin ƙasa da haka ba. Tun 2010 kuma kuskure ɗaya ya isa a kore ka. Shi kansa Bolt an kore shi a Daegu ta Koriya ta Kudu a 2011, amma nasa ba gardama, kowa ya ga ya zabura kafin a harba.

Na Devon Allen daban ne. A gasar Eugene ɗin nan da Amusan ta yi fice, a zagayen ƙarshe na mita 110 mai shinge, na'ura ta nuna ya motsa a 0.099 bayan ƙarar bindiga. Bayan ƙara, ba kafinta ba. Aka fitar da shi a gaban 'yan kallon garin da ya yi karatun jami'a, saboda 0.001 na sakan, lokacin da sauti kansa bai kai tafiyar santimita 35 ba a cikinsa.

Bambancin wannan da sauran dokokin a fili yake. Iyakar iska tana hana ka tarihi ne, ta bar maka lambarka. Amusan ta koma gida da zinarenta. Mita 42 na fanfalaki kowa ne ke biya daidai. Amma 0.100 ba nisa ba ne da aka auna da tef, zato ne game da jikin ɗan Adam. Wani bincike da hukumar da kanta ta sa aka yi, wanda ya fito a 2009, ya nuna akwai masu iya motsawa cikin 0.08, har masu binciken suka ba da shawarar a sauko da iyakar. Na'urorin ma ba kamfani ɗaya ke yin su ba, kuma ba lallai ƙarfin turawar da wannan ke ɗauka a matsayin motsi ya zama shi waccan ke ɗauka ba. Masu ninƙaya sun ƙi yanke hukunci da lamba ta uku saboda sun san kududdufinsu bai kai wannan daidaito ba. Ya kamata masu guje-guje su yi wa jijiyar mutum irin wannan uzuri: ko su sauko da iyakar zuwa inda binciken nasu ya nuna, ko kuma wanda ya faɗa tsakanin 0.08 da 0.10 a dawo da kowa layi a sake harbawa ba tare da an kori kowa ba.